Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kula Da Gidan Iyalan Qiao A Lardin Shanxi

Zuwa ga shugabannin hukumar da ke kula da Gidan Iyalan Qiao, da jami'an al'adu da yawon buɗe ido na gundumar Qi, lardin Shanxi, ƙasar Sin.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Ranku ya daɗe.

Bayan haka, roƙo ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ina roƙonku ku sa tsohon gidan nan, wato Zaizhongtang, gaba da komai a cikin amanar da ke hannunku. Ya zo gaba da shaguna, gaba da sababbin gine-ginen da ke kewaye da shi, gaba da jajayen fitilun da wani fim da aka ɗauka a cikinsa ya jawo masa. Ni Bahaushe ne, sana'ata gyaran tsofaffin gine-gine, kuma na ga gidanku da idona. Na rubuta da Hausa ne saboda mutanenmu masu zuwa ƙasarku fatauci da karatu suna da yawa, kuma ina so duk wanda ya samu sarari ya tashi daga Guangzhou ko Yiwu ya yi arewa don ganin gidan fatake irinsa, ya tarar da gidan yana nan da mutuncinsa.

Kun fi ni sanin gidan, amma ku yi haƙuri in zayyana shi, domin wanda yake shiga wuri kullum idonsa kan saba har ya daina gani.

Daga waje babu abin da mutum zai gani sai katangar bulo mai ruwan toka, tsayinta ya haura mita 10, ba ta ba mai leƙe wata kafa. Babbar ƙofa tana duban gabas, a gabanta kuma akwai bangon kariya da aka sassaƙa wa harafin fatan tsawon rai sau ɗari, kowanne da salon rubutunsa. Da ka wuce ƙofar sai doguwar hanya mai daɓen dutse, tsawon mita 80, ta miƙe sak zuwa ɗakin tunawa da kakanni a ƙuryar yamma. Manyan sassa uku suna arewa da ita, uku suna kudu. A cikinsu akwai ƙananan tsakar gida 20 da ɗakuna 313, a fili da ya ɗan haura murabba'in mita 8,700. An aza tubalin farko wajen shekarar 1756, zamanin Sarki Qianlong, ba a kuma gama ƙari ba sai a farkon shekarun 1920. Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne asalinsa. Gidaje ne daban-daban da lungunan ƙauye suka ratsa tsakaninsu. Da tsaro ya taɓarɓare a ƙarshen daular Qing, sai iyalan suka sayi haƙƙin lungunan, suka toshe bakinsu, suka kafa ƙofa a gabas, suka gina ɗakin kakanni a yamma, suka zagaye komai da katanga guda. Hanyar da baƙi ke takawa yau, da can titin jama'a ce. Wanda aka gaya wa wannan, da wani ido zai dubi wurin.

Sai rufin. Yawancin ɗakunan gefe rufinsu gangare ɗaya ne, ya yi tudu ta waje ya zubo ta ciki, don haka duk ruwan da ya sauka a kan gidan tsakar gida yake nufa. Mutanen Shanxi suna cewa ruwa arziki ne, ba a barinsa ya kwarara gonar wani. Magini kuwa yana ganin wani dalilin bayan wannan: gangaren ne ya ba da damar bangon waje ya yi tsawo, ya tare ɓarawo, ya tare iskar hunturu da ƙurar da ke tasowa daga arewa maso yamma. A saman ɗakunan akwai hanyar da masu gadi ke zagayawa da dare, akwai kuma bututun hayaƙi fiye da 140, kowanne da siffarsa, wani kamar ƙaramin gida, wani kamar hasumiya. Ba ado kawai ba ne. Kowane bututu yana da alaƙa da murhu ko da kang, gadon bulo da ake hura wa wuta ta ƙasa ya ɗumama masu kwana a lokacin da ruwa ke daskarewa a randa. Ko matsayin mutanen gidan, rufin ya bayyana shi: masu gida suna ƙarƙashin rufin tayil mai baki a waje, barori da madafa suna sassan gefe masu shimfiɗaɗɗen rufin bulo.

Na daɗe a tsaye gaban wata ƙofa ta ɗaya daga sassan arewa ina duban sassaƙar katakon da ke samanta. Kurangar inabi ce, an huda itacen har haske yana ratsa bayan ganyen, kowane ƙwayar inabi a kumbure take daban, wani ganye ya naɗe bakinsa kamar rana ta taɓa shi. A ƙasa, dokin ƙofar ya lotsa a tsakiya saboda takun ƙafa, duwatsun da ke riƙe da ƙyauren sun yi sulɓi. Wanda ya yi wannan aiki bai yi shi don mai wucewa da sauri ba. A sashen da aka gina a ƙarshe kuma tagogi sun faɗaɗa, gilashi ya maye gurbin takarda, salon Turai ya kutso cikin adon. Daga sashe zuwa sashe mutum yana iya karanta shekaru fiye da 160 na sauyin hannu da sauyin zamani, in dai an bar shi ya tsaya.

To, ina aka samu kuɗin wannan gini? Nan ne labarin da ya kamata kowane baƙo ya fita da shi. Qiao Guifa talaka ne, maraya, ya bar ƙauyensu ya ƙetare Babbar Ganuwa zuwa yankin Baotou, ya yi ƙwadago, ya sayar da awara da abincin dabbobi, har ya kafa shagon da daga baya ya zama Fushenggong. Shagon ya bunƙasa har mutanen can suna cewa Fushenggong ya riga birnin Baotou. Jikansa Qiao Zhiyong, wanda ya rayu daga 1818 zuwa 1907, shi ya kai gidan ƙololuwa. 'Yan kasuwar gundumarku suna sayo ganyen shayi daga kudu, su bi ruwa, su bi tudu, su ɗora wa raƙuma har Kyakhta a kan iyakar Rasha. Sa'an nan suka shiga harkar aika kuɗi da takarda, wadda gidan Rishengchang na garin Pingyao ya fara a 1823. Ɗan kasuwa ya ajiye azurfarsa a wannan gari, a ba shi takarda mai alamomin sirri, ya je can wani gari mai nisan wata guda ya karɓa, ba sai ya yi dakon ƙarfe a hanyar 'yan fashi ba. Dadetong da Dadeheng na iyalan Qiao suna cikin manyan gidajen wannan harka tun shekarun 1880. Suna ba amintattun ma'aikatansu hannun jari na gumi, ba da kuɗi suka saya ba, da aiki, idan an rufe lissafi a raba riba da su. A 1900, da sarauniya uwa Cixi ta gudo daga Beijing ta nufi Xi'an, a hedkwatar Dadetong ta sauka a nan gundumar Qi. Gida ne da amana ta gina, kuma wannan darasi ne da ɗan kasuwa daga kowace ƙasa zai gane ba tare da tafinta ba.

Gidan ya tsira daga abubuwa da yawa. Iyalan sun watse bayan da sojojin Japan suka shigo Shanxi a ƙarshen shekarun 1930, sashen da suka yi niyyar mayarwa lambu bai kammalu a hannunsu ba. Bayan 1949 hukumomi sun zauna a ciki, wannan zama kuma ya taimaka ya kai zamaninmu a tsaye. A 1986 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihin al'adun gargajiya, a 2001 ya shiga jerin kayan tarihin da gwamnatin tsakiya ke karewa, a 2014 ya samu darajar 5A, wadda babu sama da ita a wuraren yawon buɗe ido na ƙasar Sin. Waɗanda suka yi wannan hidima sun cancanci yabo, ina kuma yaba musu da zuciya ɗaya.

Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A ƙarshen watan Yulin 2019 Ma'aikatar Al'adu da Yawon Buɗe Ido ta ƙasarku ta cire wa gidan wannan daraja. Cikin dalilan da aka bayyana akwai kasuwancin da ya wuce kima, da gazawa wajen tsafta da tsaro, da naƙasu wajen kare ainihin kayan tarihin. Kafofin labaran Sin sun ba da rahoton yadda kuɗin shiga ya kai yuan 138, da yadda baƙo ke ratsa dogon layin shaguna kafin ya samu hanyar fita. Kun rufe wurin na kwana goma a watan Agusta, kun rage shaguna, kun sauko da kuɗin shiga zuwa yuan 115. An ga ƙoƙarin. Sai dai kwana goma na isa a kwashe rumfuna, ba sa isa a sauya tunanin da ya kafa rumfunan. Tunanin shi ne a ɗauki tsohon gidan a matsayin abin jawo mutane zuwa inda za su kashe kuɗi. Muddin yana nan, ko an kore shi ta ƙofa zai dawo ta taga, ko da sunan bikin fitilu, ko da sunan sabon dandalin wasanni.

Batun fitilun nan yana damuna, kuma ina so in yi maganarsa a fili. Fim ɗin Raise the Red Lantern da darakta Zhang Yimou ya ɗauka a gidan, wanda ya fito a 1991, shi ya sanar da duniya wurin, babu mai musun wannan. Labari ne na attajiri mai mata huɗu, ana kunna jar fitila a ƙofar wadda zai kwana a ɗakinta. Labarin ƙage ne, ba na iyalan Qiao ba ne, al'adar kunna fitilar ma don fim ɗin aka tsara ta. Su iyalan Qiao suna da dokokin gida shida da aka san su da su: ba a ajiye ƙwarƙwara, ba a caca, ba a neman mata, ba a shan tabar opiyom, ba a cin zalin barori, ba a buguwa da giya. Ku duba wannan al'amari. Mutanen da suka hana kansu ajiye mace ta biyu, yau dubban baƙi suna fita daga gidansu da tunanin gidan kishi ne. Wannan rashin adalci ne ga matattu, kuma yana hannunku ku gyara. Ban ce a share tarihin fim ɗin ba, shi ma ya zama wani ɓangare na labarin wurin, haka wasan talabijin na 2006 da aka gina kan rayuwar Qiao Zhiyong. A ware musu ɗaki ɗaya ko biyu a cikin sababbin gine-gine, a rubuta ƙarara cewa wannan fim ne, wancan tarihi. Masu yi wa baƙi jagora kuma a horar da su su fara da Baotou da raƙuman shayi kafin su kai ga inda 'yar wasa ta tsaya.

Akwai kuma haɗarin da ya fi na suna. Fitila da wayar lantarki a jikin katakon da ya shekara fiye da ɗari yana bushewa a iskar Shanxi ba abin wasa ba ne. A watan Janairun 2014 wuta ta cinye mafi yawan tsohon garin Dukezong a lardin Yunnan cikin dare guda. Sassaƙar inabin da na ambata, in ta ƙone, babu kuɗin da zai dawo da ita.

Sababbin gine-ginen kuwa, wato Dexingtang da Ningshoutang da Baoyuantang, na fahimci dalilin sake gina su. Sunayen rassan iyalin ne na gaskiya, kuma suna rage cunkoso. Amma sun sa filin ya ninka kusan sau uku, baƙon da bai sani ba zai ƙarar da ƙarfinsa a cikin ginin jiya, ya iso na asali a gajiye, ko ma ya fita bai bambance su ba. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan kula da tsofaffin gine-gine ta ce abin da aka ƙara a kan tsohon gini ya zama ana iya gane shi, dokar kare kayan tarihi ta ƙasarku ma ta kafu a kan kada a sauya asalin abu. A sa allo babba a ƙofar kowane sashe mai faɗin shekarar da aka gina shi. A ba wanda Zaizhongtang kaɗai yake son gani hanya ta kai tsaye da tikitinsa daban. Ba abin kunya ba ne a ce gini sabo ne. Abin da ke zubar da ƙimar wuri shi ne baƙo ya gano da kansa bayan ya koma gida.

Yanzu bari in shiga fagen da na fi sani, wato ruwa da bango. Gidan da ke zubo da ruwansa ciki, rayuwarsa tana kan magudanansa. Indararo ɗaya ya toshe, ko daɓen tsakar gida ya lotsa, sai ruwa ya kwanta a gindin bango. Bulo ya sha, danshi ya hau, gishirin ƙasa ya fito fari a jikinsa, hunturu ya zo ruwan da ke ciki ya daskare ya buɗa shi, fuskar bulon ta fara zuba kamar gari. A gindin ginshiƙan katako ma haka ruɓa ke farawa, ta ciki, inda fenti ya rufe. Shanxi ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, amma kun ga abin da ya faru a watan Oktoban 2021, lokacin da ruwan sama mai yawa ya lalata wuraren tarihi fiye da 1,700 a lardin, wani yanki na ganuwar Pingyao mai tsawon mita 25 ya rufta, ambaliya kuma ta taɓa gundumarku har ta cinye ƙasan gadar jirgin ƙasa. Magudanan da aka tsara don daminar zamanin Qianlong suna bukatar a riƙa duba su da idon yau, kafin damina da bayanta.

Idan an zo gyara, ina roƙonku da babbar murya ku nisanta siminti daga tsohon bango. Mu a Kano mun ga abin da yake yi. An shafe tsofaffin soraye na ƙasa da siminti da niyyar alheri, ya kulle danshi a ciki, bayan 'yan shekaru ya ɓamɓaro da naman bangon gaba ɗaya. Bulon gidanku da farar ƙasa aka haɗa shi, mai laushi ce, tana barin bango ya yi numfashi, idan gini ya motsa ita ke tsagewa ta bar bulon lafiya. Siminti ya fi bulon ƙarfi, saboda haka bulon ne ke biyan bashin. Haka batun fenti. Tsohon zanen da ke ƙarƙashin bakin rufi, da shuɗinsa da ruwan zinarensa da suka dushe, ya fi sabon fenti mai ƙyalli daraja nesa ba kusa ba. A share masa ƙura, a ƙarfafa inda yake ɓarewa, a ƙyale shi da shekarunsa.

Duk wannan aiki hannu yake bukata, hannun kuma tsufa yake yi. Mai gasa bulo mai ruwan toka ta tsohuwar hanya, mai sassaƙa bulo, kafintan da ke haɗa katako ba ƙusa, mai kwaɓa farar ƙasa ya bar ta ta kwanta, waɗannan su ne ainihin masu gadin gidan. Kamfanin kwangila yana zuwa ya yi aiki ya tafi. Abin da gida irin wannan yake so shi ne ƙaramar tawaga ta dindindin, wadda ta san kowane tsagi da kowane wurin yoyo, tare da yaran da take koya wa sana'a. Ku nemi yaran a Qiaojiabao, ƙauyen da gidan yake, da ƙauyukan kusa. Kakanninsu ne suka yi dakon bulon nan, ya dace jikokin su ci abinci da gidan ta hanyar da ta wuce sayar da tsaraba a bakin ƙofa. A bar su suna aiki a idon baƙi ma, mutane da yawa za su fi son tsayawa kallon masassaƙi da kurfinsa a kan wani shagon.

Cunkoso ba zan daɗe a kansa ba, domin misalin yana ƙasarku. Tun 2015 Fadar Sarakuna ta Beijing ta ƙayyade yawan masu shiga a rana, ba ta kuma rasa daraja ba. Tsakar gidan Qiao ƙanana ne, an yi su don iyali da barorinsu. A makon hutun Oktoba da na sabuwar shekara a riƙa sayar da tikiti bisa sa'o'i, a ƙayyade adadin da ke cikin kowane sashe a lokaci guda, a sa wa dokin ƙofa da daɓen da ke lotsawa kariya ta katako mai cirewa.

Abu na ƙarshe da zan roƙa ya shafi kuɗi, kuma ya dace da gidan da aka gina da riƙe littafin lissafi. Ku ware wani kaso sananne daga kuɗin tikiti, a rubuce, wanda ba ya zuwa ko'ina sai gyaran Zaizhongtang, da albashin maginansa, da kayan kashe gobara. Kowace shekara ku fitar da bayani a bainar jama'a: nawa ya shigo, nawa aka kashe a kan tsohon gidan, wane rufi aka kwance aka mayar, wane bango aka yi wa magani, yara nawa ke koyon sana'a. Ku liƙa shi a bakin ƙofar gabas da Sinanci da wasu harsunan baƙi, inda duk wanda ya biya kuɗinsa zai karanta kafin ya shiga.

Na gode da haƙurin karantawa. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani magini daga Kano.